Hoton bango ɗaya zai iya dacewa da kowane allo?

"Assalamu alaikum Malam. Na fara koyon zane a kwamfuta, kuma na yi wani hoton bango, irin wanda ake sa wa a fuskar waya ko kwamfuta, na kwana uku ina aikinsa. A laftof ɗina ya fito tsaf. Da na tura wa ƙanwata ta sa a wayarta, rabin hoton ya ɓace, rubutun da na yi a gefe ya yanke, abin da ya rage kuma ya yi dishi-dishi. Wani abokina mai babban sikirin ya ce a nasa sararin samaniyar da na zana ya fito layi-layi. A 1920×1080 na yi shi, har na saita shi a DPI 300. Shin akwai awo ɗaya da zan riƙa amfani da shi ya dace da kowane allo? Idan babu, ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da ƙoƙari, kwana uku a kan hoto ɗaya ba wasa ba ne. Abin da kake nema shi ne awo guda da za ka haddace, ka huta da tunanin girman allo har abada. Sai dai ka yi haƙuri, babu shi. Ni ma na neme shi a farkon shigata wannan aiki, kuma ranar da na gane dalilin rashinsa na daina nema. Abin da ke akwai shi ne tsarin aiki da zai sa zane ɗaya ya haifar maka hotuna huɗu ko biyar ba tare da ka koma farko ba.

Ka kawo abubuwa uku kamar ciwo ɗaya ne, alhali kowanne da asalinsa. Yankewar hoto daga bambancin siffar allo take. Dishi-dishi daga ƙarancin fiksil yake, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto, wataƙila da gudunmawar manhajar da ka tura hoton ta cikinta. Layi-layin da abokinka ya gani kuma batun launi ne. A cikin ukun nan siffa ce babba, ita ce kuma masu koyo suka fi rainawa, domin hankalin kowa yana kan 4K, wato awon 3840×2160, da manyan lambobi.

## Inda hotonka ya tafi

Hotonka a kwance yake, faɗi kashi 16, tsayi kashi 9. Mu ƙaddara wayar ƙanwarka tana da allo 1080×2400, awon da ya yawaita a wayoyin Android: faɗi 9, tsayi 20, a tsaye. Wayar ba ta son barin baƙin fili sama da ƙasa, don haka sai ta ɗauki tsayin hotonka gaba ɗaya, ta yanko tsiri daga tsakiya daidai siffarta. Idan tsayin 1080 ne, faɗin tsirin zai zama 486 kacal, cikin 1920. Ka ce rabin hoton ya ɓace. Ƙanwarka ta sassauta maka labarin ne, kashi uku cikin huɗu suka tafi.

Sannan tsirin nan mai 486×1080 dole a buɗa shi ya cika 1080×2400, wato ninki biyu da ɗoriya ta kowane ɓangare. Kowane ɗigo naka guda an shimfiɗa shi a kan wajen ɗigo biyar na allon wayar. Wayar ba ta san abin da ya kamata ya zauna tsakanin ɗigogin ba, sai ta gauraya na kusa da na kusa ta cike gurbi. Dishi-dishin ke nan.

Wani zai ce maka ka yi shi a 4K a wuce wurin. To a gwada. Hoton 3840×2160 yana da fiksil miliyan 8 da dubu 294 da ɗari 4, ninki huɗu na naka. Idan wayar nan ta yanko tsirinta daga cikinsa, 972×2160 za ta samu, har yanzu bai kai 1080×2400 ba. Dishi-dishin zai ragu sosai, amma kashi uku cikin huɗun nan sun tafi dai, rubutun gefe ma ya tafi da su. Yawan fiksil bai taɓa hana yanka ba.

Batun DPI 300 kuwa, ka ajiye shi gefe. Lamba ce da ake rubutawa a cikin fayil domin na'urar buga takarda ta san ɗigo nawa za ta cusa a kowane inci. Allo ba ya karanta ta. Hoton 1920×1080 a DPI 72 da hoton 1920×1080 a DPI 300 abu ɗaya ne sak a kan sikirin.

Abin da ya shafe ka shi ne cunkoson fiksil na allon kansa. Sikirin mai inci 24 a 1920×1080 yana da wajen fiksil 92 a kowane inci. Mai inci 27 a 4K yana da wajen 163. Waya mai inci 6.5 a 1080×2400 tana da wajen 405. Tun da Apple ta fito da iPhone 4 a 2010 da fiksil 326 a inci, wayoyi suka tsere wa kwamfutoci ta wannan fuska. Ma'anarsa a wurin mai zane ita ce siririn layi mai kaurin fiksil ɗaya, wanda ake gani sarai a sikirin tebur, a waya kusan ɓacewa yake yi, kuma rubutun da ka ga ya isa a laftof sai ya koma kamar tururuwa. Akwai kuma wani tarko. Na'urori da yawa suna da awo biyu, na ainihi da wanda suke nuna wa manhajoji. iPhone 13 tana gabatar da kanta a matsayin 390×844, alhali fiksil ɗinta na ainihi 1170×2532 ne, ninki uku. Laftof da aka saita ya ƙara girman rubutu zuwa kashi 150 cikin ɗari shi ma haka yake yi. Hoton bango da awon ainihi ake yin sa. Hanya mafi sauƙi ta sanin awon na'ura ita ce a ɗauki sikirinshot a duba girmansa, ko da yake wasu manyan wayoyin Samsung suna zuwa a saite ƙasa da iyakar allonsu, sai mai waya ya ɗaga da kansa.

## Iyalai huɗu

Alluna sun yi yawa, amma siffofinsu sun taru a 'yan gidaje kaɗan. Kwamfutoci sun daɗe a 4:3, irin su 800×600 da 1024×768, daga nan aka koma 16:10, sannan 16:9 ta mamaye kasuwa saboda ita ce siffar talabijin. A 'yan shekarun nan 16:10 ta dawo a laftof da yawa, wasu kuma kamar Surface na Microsoft suna 3:2. Wayoyi sun zauna a 16:9 har 2017, shekarar da Galaxy S8 ta zo da 18.5:9, iPhone X kuma da 1125×2436, wato kusan 19.5:9. Daga nan suka yi ta ƙara tsawo.

Ni allunan aiki huɗu nake buɗewa, wato filin da ake zane a kai cikin manhaja, kuma zan gaya maka dalilin kowane awo, domin dalilin ya fi lambar amfani.

Na kwamfuta ina buɗe shi a 3840×2400, wato 16:10, ba 3840×2160 da kowa ke fara da shi ba. Dalili shi ne 16:10 tana tsakiyar 'yan'uwanta. Idan na cire fiksil 120 a sama da 120 a ƙasa, na sami 3840×2160, 16:9 ke nan. Idan kuma na cire 120 a dama da 120 a hagu, na sami 3600×2400, 3:2 ke nan. Saboda haka idan na bar gefen fiksil 120 a kowane ɓangare babu wani abu mai muhimmanci a ciki, hoto ɗaya ya wadatar da siffofi uku. Daga shi nake rage girma zuwa 2560×1600, 2560×1440, 1920×1200, 1920×1080 da 1366×768 na ƙananan laftof. Wanda ke son ya haɗa da tsofaffin alluna masu 4:3, sai ya ƙara gefen dama da hagu zuwa 320.

Na waya ina buɗe shi a 1800×3200. Wannan 9:16 ne, siffar tsofaffin wayoyi, ya fi wayoyin yanzu faɗi, kuma da gangan ne. Wayar 20:9 za ta ɗauki 1440 na tsakiya ta zubar da 180 kowane gefe. Wayoyi masu 21:9, irin wasu Xperia na Sony, wajen 1370 za su ɗauka. Don haka duk abin da ba na son a taɓa, ina tsare shi cikin fiksil 1300 na tsakiya. Ragowar gefen ba asara ba ne. A iOS 7, tsarin aikin wayoyin Apple na 2013, iPhone ta fara ɗan zuƙo hoto domin ya riƙa motsi idan an karkata wayar, wasu wayoyin Android kuma suna jan hoton bango a hankali yayin da mutum ke zagaya shafukan manhajojinsa. Duk waɗannan suna cin gefe.

Na tabulet murabba'i ne, domin ana juya ta tsaye da kwance, kuma hoto ɗaya ne yake hidimar duka biyun. iPad Pro mai inci 12.9 tana da 2732×2048. Ka buɗe 2732×2732, ka zana murabba'i mai 2048×2048 a tsakiyarsa. Abin da ke cikin ƙaramin murabba'in ne kaɗai ake gani ta kowace juyawa. Kusurwoyi huɗu na babban kuma ba za a taɓa ganinsu ba, kada ka ɓata lokaci a kansu. Allon ciki na wayoyi masu naɗewa ya kusa zama murabba'i, saboda haka wannan ne ya fi kusa da su.

Na huɗu shi ne na dogayen sikirin, 2560×1080 da 3440×1440 da ake kira 21:9. Idan aka yanko wannan siffa daga hoton 16:9, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsayi ne ke tafiya, kuma galibi kan mutum ko ƙwanƙolin dutse ne ke fara tafiya. Ina buɗe masa 5120×2160. Akwai ma 32:9 mai 5120×1440, amma wannan sai an nema nake yi.

## Kada ka manne zanenka wuri ɗaya

Alluna huɗu ba zane huɗu ba ne, muddin ka yi aikin a leya-leya, wato kowane ɓangaren zane a shimfiɗarsa daban, ɗaya bisa ɗaya. Shimfiɗar baya, kamar sama ko launin fili, leyarta daban. Abubuwan tsakiya, duwatsu ko itatuwa ko zayyana, tasu daban. Babban abin kallo nasa daban, rubutu nasa daban. Idan ka koma allon waya, sai ka miƙar da shimfiɗar baya ta cika tsayi, ka ɗauko babban abin kallo ka ajiye shi inda ya dace, ka saukar da rubutun da ke gefe zuwa ƙarƙashinsa. Aikin tela ne: yadi ɗaya, launi ɗaya, amma kowane jiki da yankansa.

Akwai zanen da ba ya yarda da wannan, gara ka sani tun da wuri. Hoton da ƙarfinsa ya dogara da faɗi, misali mutum a ƙarshen hagu yana kallon wani abu a ƙarshen dama, idan ka tsayar da shi dole ka sake tunanin labarin: mai kallo ya koma ƙasa, abin kallo ya koma sama. Wani lokaci yana yin kyau fiye da na asali, wani lokaci kuma ya mutu murus. Idan ya mutu, ka bar shi na kwamfuta kawai. Taura biyu ba ta taunuwa.

Duk abin da za ka iya zanawa da bekta, wato zanen da lissafin layuka ke riƙe shi maimakon ɗigogi, ka yi shi da bekta: rubutu, tambari, siffofi, zayyanar da ake maimaitawa. Inkscape da Illustrator da Figma duk suna yin wannan, kuma za ka iya fitar da shi a kowane girma bakinsa na nan da kaifinsa. Idan zanen buroshi kake yi a Krita ko GIMP ko Photoshop, ka fara da babba ka sauko. Rage girma ba ya ɓata hoto, ƙara girma ne ke ɓatawa. Idan kuma hoton kyamara ne, ka tuna kyamara mai megafiksil 12 tana ba da wajen 4000×3000. Ya isa 4K a kwance, amma idan kana son na waya, ka juya kyamarar ka sake ɗauka a tsaye tun kana wurin. Manhajojin ƙara girma masu ƙirƙirarriyar basira suna taimakawa a kan gajimare da ruwa da duwatsu. A kan fuskar mutum da rubutu kuwa sukan ƙirƙiro abin da babu shi, sai ka duba da kyau kafin ka amince.

## Ba kai kaɗai ke da allon ba

Wannan ɓangaren ne ya raba hoton bango da sauran zane, kuma shi ne aka fi mantawa. Hoton da za a rataya a ɗaki shi kaɗai ake kallo. Hoton bango kuwa ana ɗora masa agogo, kwanan wata, sanarwa, alamomin manhajoji da sunayensu. Kai shimfiɗa kake yi, wasu za su zauna a kai.

A allon kulle na waya, kashi ɗaya cikin uku na sama na agogo ne. Can ƙoli akwai ramin kyamara ko tsagin da ake bar mata, a iPhone 14 Pro zuwa sama kuma akwai baƙin tsibirin nan da Apple ta kira Dynamic Island. Sanarwa tana cin tsakiya ko ƙasa, ya danganta da waya. A ƙasa akwai maɓallan tocila da kyamara, ko wurin ɗora yatsa. A allon gida kuma alamomi sun rufe kusan ko'ina, ga jerin manhajoji na dindindin a ƙasa. Shi ya sa nake raba su biyu. Na allon kulle yana iya ɗaukar babban abin kallo, a ajiye shi daga tsakiya zuwa ƙasa kaɗan. Na allon gida ina yin sa shiru-shiru: hoton nan dai, amma an dusashe shi, ko an cire abin kallon an bar shimfiɗa.

A kwamfuta, Windows yana jera alamomi daga hagu, sandar aiki tana ƙasa. Mac yana jera su daga dama, yana da sanda a sama da kuma jerin manhajojin da ake kira Dock a ƙasa. Ka ga hagu da dama duka akwai mai su. Idan ba ka san wa zai yi amfani da hoton ba, tsakiya ce ta fi aminci, ko a ɗan gusa dama tunda masu Windows sun fi yawa. Koren tudun nan da shuɗin sama na Windows XP, wanda Charles O'Rear ya ɗauka a Kalifoniya, ka duba shi da idon mai zane: fiye da rabinsa fili ne, babu fuska, babu rubutu, duk inda aka ajiye alama za a gan ta, duk ta inda aka yanke shi kuma tudu ne da sama. Ba don ya fi kowane hoto kyau ya zauna a miliyoyin alluna ba tare da ya gunduri mutane ba.

Na taɓa yi wa wata ƙungiya hoton bango na ma'aikatanta. Na sa tambarinsu da takensu a ƙasan hoton, tsakiya, ya yi kyau a allon aikina har na yaba wa kaina. Da aka sa a kwamfutocinsu, sandar aiki ta rufe rabin taken, a wayoyi kuma jerin manhajojin ƙasa ya zauna daram a kan tambarin. Laifina ne, ban tambayi irin na'urorinsu ba, ban kuma gwada ba. Tun daga ranar nake ajiye sikirinshot na allon kulle da allon gida da fuskar kwamfuta, na goge bayansu, ina ɗora su a matsayin leya ta sama yayin aiki. Ina kunna ta ina kashewa. Wannan 'yar dabara ta fi duk wani jadawalin awo amfani a wurina.

Sunayen manhajoji fararen haruffa ne ko baƙaƙe, tsarin wayar ne ke zaɓa gwargwadon hasken hotonka. Hoto mai duhu gaba ɗaya ko mai haske gaba ɗaya ba ya ba shi wahala. Wanda ke rikita shi shi ne mai dabbare-dabbare, fari nan baƙi can, domin duk launin da ya zaɓa wasu sunaye za su nutse. Ƙa'idar da masu tsara shafukan intanet ke bi, cewa bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, tana da amfani a nan ma. Ka kuma sani tun Android 12 a 2021 wayar tana tsamo launuka daga hoton bango ta shafa wa maɓallai da saituna. Idan launin da ya rinjaya a hotonka ruwan ƙasa ne mai dauɗa-dauɗa, haka wayar mutum za ta koma gaba ɗaya. iOS 16 a 2022 kuma ya kawo salon da abin kallo ke ɗan shiga gaban agogo, wanda ke buƙatar abin ya fita sarai daga bayansa, kuma ya taɓa ƙasan lambobin kaɗan kawai.

## Layi-layin sararin samaniya

Hoton yau da kullum yana da bit 8 a kowane launi, ja da kore da shuɗi, wato matakai 256 daga duhu zuwa haske. Da ji ka ce ya isa. Amma a ce samanka ta tashi daga shuɗi mai lamba 40 zuwa mai lamba 70 a tsawon fiksil 1080. Matakai 30 ke nan kacal, kowanne faɗinsa fiksil 36. A ƙaramin allon laftof ido ba ya kama su. A babban sikirin abokinka, idan 4K ne, an ninka hoton biyu, kowane mataki ya zama fiksil 72, ga shi allon ya fi haske. Sai matakalar ta bayyana. Matsewar JPEG tana ƙara tsananta abin, haka ma wasu alluna da ainihinsu bit 6 ne suna kwaikwayon 8. Launuka masu duhu ne suka fi tona wannan asiri.

Maganin yana da ban mamaki, domin ɓata hoton za ka yi kaɗan. Ka yi aikin a bit 16 idan manhajarka ta yarda, sannan kafin fitarwa ka yayyafa wa shimfiɗar tsaki-tsakin ɗigo, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Ɗigogin suna wargaza iyakar da ke tsakanin mataki da mataki, ido sai ya ga launi yana sajewa sumul. Fayil zai ƙara nauyi, amma kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Ka yi yayyafin bayan ka rage girman hoton zuwa awon ƙarshe, domin rage girma yana goge shi.

Game da tsarin launi, ka fitar a sRGB. Manyan wayoyi da kwamfutocin Apple suna iya nuna Display P3, wanda ya fi sRGB faɗi da wajen kashi 25 cikin ɗari, musamman wajen ja da kore. Amma idan hoton P3 ya faɗa hannun na'urar da ba ta kula da bayanin launi, sai ya fito a koɗe. Hoton da za a raba wa mutane barkatai, sRGB ce ba ta ba da kunya.

Allon OLED kowane fiksil da fitilarsa, baƙi tsantsa na nufin an kashe shi, don haka baƙin bango yana rage cin batir. A allon LCD fitila ɗaya ce a baya tana ci ko da hoton baƙi ne, babu abin da aka rage, baƙin ma toka-toka yake fitowa. Idan za ka yi hoto mai duhu, ka gwada shi a duka biyun, kuma ka rage hasken wayar ka sake dubawa. Zayyanar da ke tsakanin baƙi da kusa-da-baƙi takan ɓace ƙurmus a wani allon, a wani kuma ta fito fiye da yadda ka so.

## Fitarwa da turawa

Zane mai launuka shimfiɗaɗɗu, rubutu da kaifafan layuka, PNG ya dace da shi, domin ba ya zubar da komai. Hoton kyamara ko zanen buroshi mai yawan launi, JPEG a inganci 90 zuwa 95 ya isa, kuma ya fi sauƙin nauyi nesa ba kusa ba. Windows yakan sake matse JPEG idan aka sa shi a bango, saboda haka hoto mai sajewar launi ina ba masu Windows shi a PNG. Ka kuma gaya musu su bar zaɓin a Fill, wanda ke cika allo ya yanke rarar. Stretch kuwa miƙe hoto yake yi ta ƙarfi, da'ira ta koma ƙwai.

Idan zanenka yana da ƙananan layuka masu maimaituwa kusa da juna, ka duba shi bayan rage girma, domin sukan haifar da wani igiya-igiya da ba ka zana ba. Maganinsa a fitar da wannan awon kai tsaye daga bekta, ko a ƙara tazarar layukan.

Ina kyautata zaton ta WhatsApp ko makamancinsa ka tura wa ƙanwarka. Irin waɗannan manhajoji suna rage girman hoto su matse shi kafin ya isa, wato hoton ya sha duka biyu kafin ya hau allonta. Ka riƙa tura shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba. Ka kuma rubuta awon a cikin sunan fayil ɗin, domin mai karɓa ya san wanda zai ɗauka.

Duk wannan tsari yana da iyaka. Kamfanonin Android kowanne da yadda yake ajiye agogo da yadda yake yanka hoto, mai waya ma yana iya sauya girman agogon ko ya zuƙo hoton da yatsunsa, wasu wayoyi kuma suna dusashe bango idan an kunna yanayin duhu. Ba za ka iya tsare duka ba. Awon da na ba ka zai rufe mafi yawan na'urori, ragowar sai gwaji. Hotunan bango masu motsi, da masu sauyawa da lokacin yini kamar wanda macOS Mojave ya kawo a 2018, wani fanni ne da ya haɗa da shirya manhaja, ni aikina a kan hotuna tsayayyu ya tsaya.

Shi wannan hoton naka na kwana uku, idan fayil ɗin aikin yana nan da leyoyinsa, buɗe sabon allo 1800×3200, ka kwaso su ɗaya bayan ɗaya. Samaniyar ka sake zuba ta sabuwa, minti biyu ne, ka yayyafa mata ɗigo. Rubutun ka sake buga shi, kada ka buɗa tsohon. Babban abin kallon ne kaɗai zai iya ba ka wahala, tunda a ƙaramin awo ka zana shi. Idan ka bar shi a girmansa na asali ka ajiye shi ƙasa da agogo, mai yiwuwa ba sai ka buɗa shi sosai ba, domin faɗin waya bai kai na laftof ba. Idan kuma ka riga ka manne komai a JPEG guda, yanko abin kallon da hannu, ka gina masa sabuwar shimfiɗa a baya. Kafin ka fara, ka ce ƙanwarka ta turo maka sikirinshot na allon kullenta da na allon gida, ka ɗora su a saman aikin.